Kwale-kwalen da Na Ɗaure a Baibai

Ranar da na ɗauki alkawarin ceto yaren Kaka daga mutuwa, ina zaune ne a shagonmu ina rage wa wani ango hanci a kwamfuta. Aikina ke nan shekara huɗu: katin gayyata, kalanda, allon shago, takardar shaidar gama koyon ɗinki. Duk wanda ya kawo hoto da ƙuraje, sumul zai fita. Maigidan shagon yakan ce hannuna na da albarka, ni kuwa a raina gani nake ana ɓarnar baiwa ne kawai. Na karanta littattafai fiye da yadda ya kamaci lafiyar mutum, kuma kusan a kowanne akwai wani saurayi mai zurfin ido wanda duniya ba ta san darajarsa ba sai a babi na ƙarshe. Na daɗe da sanin ni ne shi. Babin ne dai bai zo ba.

Sai ga Malama ta shigo. Ilimin harsuna take koyarwa a jami'a, ta zo a buga mata wasu takardun tambayoyi. Firintarmu tana tari tana fito da su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina karantawa a sace, don ba na iya ganin rubutu in ƙyale. Jerin harsuna ne da masu jin su suka kusa ƙarewa. Na uku daga ƙasa, sunan yaren Kaka. Na ce mata kakata tana jin wannan. Ta ajiye wayarta, ta ɗago ta dube ni sosai. Wannan kallon na ɗauke shi na kai gida, na kwana uku ina juya shi. Sai daga baya na gane irin kallon da ma'aikacin asibiti ke yi wa mai jinin da ake nema ne.

An haifi Kaka a wani ƙauyen masunta a bakin kogi. Da aka yi madatsar ruwa, ƙauyen ya nutse, mutanensa suka watse garuruwa. Kaka ta zo birni da mahaifiyata tana 'yar shekara tara, da ƙanwar ita Kakar, wadda muke kira Inna Ƙarama. Ina yaro, Kaka da Inna Ƙarama sukan zauna a baranda da yamma su yi ta magana da yarensu, suna faɗa suna dariya, kamar rediyo biyu da aka manta a kunne. Shekara uku ke nan da rasuwar Inna Ƙarama. Tun daga ranar ba a sake jin yaren a gidanmu ba, sai dai in Kaka ta yi tuntuɓe. Mama tana ji sarai, amma tun da 'yan ajinsu suka riƙa kwaikwayon bakinta a firamare ta rufe ƙofar, ko an yi mata magana da shi da harshen gari take amsawa. Ni kuma kalma uku na sani: zo, tafi, da wata da Mama ta ce in ta sake jin ta a bakina za ta saɓa mini.

Malama ta ce Asabar takwas take da su, daga nan rikodar sashensu za ta tafi wani aikin, ita kuma ta koma aji. Akwai iyalai a garuruwa huɗu ko biyar, jikokin mutanen ƙauyen, da suke roƙon a yi wa 'ya'yansu littafi. Ni zan zana katunan da za a riƙa nuna wa Kaka, in kuma tsara littafin. Ta ja mini kunne tun farko cewa sunayen abubuwa ba su ne harshe ba. Tana son jin yadda ake tambaya, yadda ake musu, yadda ake faɗa, yadda ake ba da labari. In ba a samu wannan daga bakin Kaka ba, abin da za mu buga jerin kaya ne kawai, kuma ba wanda ya taɓa gaishe da maƙwabcinsa da jerin kaya. Na gyaɗa kai da ƙarfi, hankalina na kan yadda take gyara gilashinta da bayan yatsa.

Na yi katuna sittin cikin kwana goma. Na zaɓi takarda mai kauri, launuka masu laushi waɗanda ba za su gajiyar da tsohon ido ba. Akwai wani harafi da Malama ta ce yaren yana buƙata, wanda babu shi a kwamfutarmu, na zana masa jela har sau goma sha ɗaya kafin ta kwanta mini. A zuciyata na riga na ga yadda za a yi. Kaka za ta ɗauki kati da hannu mai rawa, hawaye zai gangaro, kalmomin da suka yi shekaru a ɗaure za su ɓalle, Malama za ta juyo ta dube ni. Har na tanadi fuskar da zan yi a lokacin, ta mutum mai tawali'u.

Asabar ta farko muka zauna a ɗakin Kaka. Gado ne ɗaya, da kujerar roba, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musun duk abin da aka faɗa. Malama ta kashe fankar saboda ƙara, ta maƙala wa Kaka ɗan makirfo a wuyan riga, ta sa abin sauraro a kunnuwanta. Kaka ta dube ta, ta ce ashe akwai masu kunne huɗu a duniya. Sunan ya zauna tun daga ranar, Kunne Huɗu. Ni kuwa dama Sarkin Zane take ce mini tun ina zana mata mota a bango da gawayi, kuma ba don yabo ba.

Na miƙa kati na farko. Kofi. Kaka ta faɗi kalma ɗaya. Ƙofa, kalma ɗaya. Hannu, wuta, igiya, wata. Tana faɗa a natse, kamar mai amsa sunanta a layin asibiti, in ta gama ta naɗe hannu ta jira na gaba. Malama ta roƙe ta ko za ta ɗan ba da labarin ƙauyen da yaren. Kaka ta ce da wa za ta yi? Magana ai da mutum ake yin ta, in ka jefa a kama a jefo maka, ita ba ta haukace ba da za ta zauna tana hira da akwati. Malama ta leƙa ta kira Mama, wadda ke guga a falo. Mama ta ce kayan makarantar yara sun taru, a yi haƙuri.

Asabar ta biyu ma haka. Kalma hamsin da huɗu, babu biyu da suka riƙe hannun juna. A hanyar raka Malama bakin titi na cika mata kunne da bayanin jelar harafi.

A ta uku ne akuya ta fito. Ina alfahari da akuyar nan. Na ba ta ido mai tunani, na sa ta ɗan buɗe baki kamar mai murmushi, fararen haƙora jere sama da ƙasa, don yara su so ta. Kaka ta karɓi katin, ta matso da shi kusa da hanci, ta nisantar. Ta ce da harshen gari, wannan mene ne? Na ce akuya ce, Kaka. Ta ce akuyar gidan wa?

Daga nan bakinta ya juye. Ban san lokacin da ta tsallaka ba, na dai ji sautin barandarmu ta da ya cika ɗakin. Tana dukan katin da farce, tana nuna bakinta, tana nuna ni, tana ɗaga hannu sama kamar mai kai ƙara. Minti biyu da rabi, in ji rikoda. Malama ta sunkuyar da kai tana rubutu da sauri, ko numfashi ba ta yi da ƙarfi. Ni kuwa na sa fuskar tawali'un da na tanada, don na ɗauka lokacin ne ya zo.

Da ta lafa, Kaka ta taƙaita mini da harshen da zan gane. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne. Duk yaron da ya taɓa ba akuya ɓawon wani abu ya san haka. Ta ce ta haifi wadda ta haifi mutumin da ya kai shekara ashirin da shida bai taɓa leƙa bakin akuya ba, amma ya iya zama ya yi mata haƙora kamar mai tallan man goge baki.

Kunya ta hana ni cin abincin rana. Ranar Litinin na tafi kasuwar dabbobi, na tsuguna gaban wata akuya har mai ita ya fara tambayata ko lafiya. Na dawo na gyara katin, na bi sauran duka ina duba ƙafa, ƙaho, jela. Asabar ta huɗu na miƙa wa Kaka sabuwar akuya, kamila, ba ta da aibi ko na gashi ɗaya. Ta duba, ta faɗi kalma ɗaya, ta naɗe hannu.

A bakin titi Malama ta tsaya ta juyo gare ni. Zuciyata ta buga, don a littattafai a irin nan ake faɗin abin da aka daɗe ana ɓoyewa.

"Malam, ina tsohuwar akuyar?"

Na ce na yage ta.

"Kash. Ita ce abu mafi amfani da ka zana mana."

Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mara lafiya. A minti biyu da rabin nan ta samu tambaya, ta samu musu, ta samu rantsuwa, ta samu yadda ake cewa da ma ba a yi ba. Zane mai kyau yana rufe wa Kaka baki, don babu abin da za ta ƙara. Kuskure ne ke ba ta abokin faɗa. Saboda haka tana roƙona in yi katuna ashirin masu kuskure, da gangan.

Na ji kamar an ce wa mawaƙi ya yi kukan jaki. Amma ita ce ta roƙa, kuma ta ce "don Allah" tana kallon idona. Na koma shago na lallashi kaina cewa wannan ma sadaukarwa ce, irin wadda ake rubutawa: ya karya alƙalaminsa saboda ita. Na yi kaza mai ƙafa huɗu. Na yi tukunya a kife bisa wuta, kifi mai kunnen zomo, tsani mai mataki ɗaya. Maigidan shagon ya leƙo ta bayana, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko ina son hutun kwana biyu.

Asabar ta biyar na miƙa kazar. Kaka ta duba. Na miƙa kifin. Ta jera su a cinyarta, ta karɓi na uku da na huɗu. Sannan ta ɗago ta dubi Malama, ta dube ni, ta kai hannu ta cire makirfon daga wuyan rigarta, ta ajiye shi a kan gado a hankali kamar ƙwai.

"Na tsufa, ban zama yarinya ba," ta ce. "Akuyar nan da gaske ka yi ta, shi ya sa na ji tausayinka na gyara maka. Wannan kuwa tarko ne. Ku kunna mini fankata."

Na kunna fankar. Malama ta tattara wayoyinta. A bakin ƙofa ta durƙusa ta ce laifinta ne, ita ta sa ni, kuma ya kamata ta fara tambaya. Kaka ta ce ta ji, Allah ya kiyaye hanya.

Asabar ta shida Malama ta zo ba ta ko buɗe jaka ba. Suka gaisa, suka yi hirar ciwon gwiwa da tsadar magani, duk da harshen gari. Ta bakwai Kaka ta ce kanta na ciwo. Na ji Mama tana ce mata, Inna, ai yaran ba da mugun nufi suka yi ba. Kaka ta ce ke da ba ki da baki a maganar nan shekara arba'in, yau kika samu? Mama ta koma kan gugarta, na ji ƙarfen yana sauka a kan tebur da ƙarfin da bai kamaci rigar yara ba.

Abin ya dame ni fiye da yadda na zata, kuma a karon farko ba don Malama ba. Na riƙa wucewa ta baranda ina ganin kujera ɗaya inda da ake ajiye biyu. Muna da minti biyu da rabi na yaren da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi, kuma duk a kan bakin akuya. Saura Asabar ɗaya. In ta wuce, shi ke nan, jerin kaya za mu buga, kuma da hannuna na toshe ƙofar da ta ɗan buɗe.

Na yanke shawarar in ba ta haƙuri da abin da na iya. Ba kati ba, ba don rikoda ba. Zan zana mata ƙauyen, kyauta, ta rataye a ɗakinta. Tun ina yaro nake tsintar gutsattsarinsa daga bakinta da na Inna Ƙarama in sun juyo harshen gari: babbar bishiya a bakin ruwa, turakun da ake ɗaure jirage, gidansu mai kallon kogi, mata na wanki, babanta yana gyaran raga. Na ɗauki kwana shida ina yi, duk lokacin da babu mai jira a shago. Na zuba duk abin da nake da shi. Na sa rana tana faɗuwa a kan ruwa, na jera kwale-kwale bakwai a gaɓa, na shanya raga a kan sanduna, na tsayar da wata yarinya a ƙarƙashin bishiyar tana kallon nesa. Da na gama sai da na shiga bayan shago na share ido. Na tabbata ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Na sa masa firam.

Asabar ta takwas Malama ta zo yin sallama, jakarta a rufe a gefen ƙafarta. Na shigo da zanen a naɗe cikin takarda, na durƙusa, na ce Kaka ki yafe mini, ga ƙauyenku na dawo miki da shi. Na yi kwana biyu ina gyara wannan jimlar.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo, har na ji fankar tana kai da komo sau goma. Idonta ya ciko. Na ce a raina, to, ga shi nan, babin ya zo. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, a kan kwale-kwale na farko, ta bi igiyarsa har zuwa turke.

"Sarkin Zane. Wannan da gaske ka yi?"

Na ce wallahi da dukan zuciyata.

Ta lumshe ido kamar wadda aka gaya wa rasuwa. Sannan ta juya ga Malama. "Kunne Huɗu, wannan ne zai shiga littafin?" Malama ta ce ba a yanke ba tukuna, amma ya dace da bango. Kaka ta ce, "Fito da akwatin naki. Kafin jikokin mutane su ɗauka haka ubana yake ɗaure jirgi." Da hannunta ta maƙala makirfon, a karkace, ta ce in kashe fanka.

Abin da ya biyo baya na ji shi ne kamar yadda ake jin ruwan sama a kan kwano. Fassarar sai daga baya Malama ta karanta mini, layi bayan layi, ba ta tsallake ko ɗaya ba duk da na roƙa. Na ɗaure jiragen duka bakwai ta gindi, goshinsu na kallon gangaren ruwa, yadda kafin gari ya waye kogi zai juya su ya haɗa su karo. Ƙullin da na yi irin na takalmi ne. Na sa dalmar raga a sama, abin da ke taso da ita a ƙasa. Na ajiye masu wanki a saman inda ake ɗiban ruwan sha, abin da a ƙauyensu zai sa a yi shekara ba a gaisa ba. Rana kuwa, inda na sa tana faɗuwa a kan ruwa, a can take fitowa. Kuma kowane kuskure sai ya jawo labarinsa: wanda ya taɓa ɗaure jirgi haka da abin da matarsa ta ce masa a gaban jama'a, shekarar da ruwa ya tafi da jirage uku, yadda babanta yake sa ta riƙe bakin igiya yana ƙirga ƙulli da waƙa. Ta rera waƙar. Muryarta ta karye a tsakiya, ta yi tsaki, ta koma kan dalma.

Ina nan a durƙushe, ƙafata ta mutu, sai na ji an daina guga a falo. Mama ta tsaya a bakin ƙofa da rigar makaranta a hannu. Ta matso ta leƙa zanen ta kan kafaɗar Kaka. Kaka ta nuna bishiyar ta faɗi wani abu. Mama ta buɗe baki, kuma abin da ya fito ba harshen gari ba ne.

Ban taɓa jin muryar mahaifiyata a cikin yaren ba. Ta fi siriri, ta fi sauri, kamar muryar wata yarinya da aka ajiye a ɗaki aka manta. Ta yi tuntuɓe a kalma ta uku, Kaka ta jefa mata ita ba tare da ta ɗago ba, ta cafe ta ci gaba. Tana nuna zanen, tana nuna ni, tana ɗaga murya. Hawaye suka zubo mini. Na ce Allah sarki uwa, shekara arba'in tana shiru, amma da ta ga an taso ɗanta a gaba, sai ta fasa shirun don ta kare shi. Na so in tashi in rungume ta, ƙafar ce ta hana.

Bisa ga fassarar Malama, abin da Mama ta fara faɗa da yaren uwarta bayan shekara arba'in shi ne: bishiyar ma ba a nan take ba. Kaka ta ce bishiyar kaɗai ce na dace da ita. Mama ta ce ina, a hagun turaku take, ita ce ta faɗo daga kanta ta karya hannu, ai ta fi kowa sani. Kaka ta ce daga katangar maƙwabta ta faɗo, kuma satar 'ya'yan itace ta je. Suka yi minti ashirin a kan wannan. Abu ɗaya suka haɗu a kai ba musu, shi ne yarinyar da na tsayar tana kallon nesa. A ƙauyensu babu yarinyar da za ta tsaya haka hannu sake da yamma ba a aike ta ba, kuma ni, tun ina ƙarami, ba na kallon abu sai dai in yi mafarkinsa. Mama ce ta faɗi wannan. Malama ta ce jimlar tana da wani gini da ba ta taɓa samu a rubuce ba, ta ja mata layi biyu.

Minti hamsin da uku, har batir ya mutu. Su kuwa ba su san ya mutu ba. Da na raka Malama muka bar su suna yi, Mama ta zauna a bakin gado da rigar makarantar a cinya, ba a goge ba.

A bakin titi na tattara sauran mutuncina na ce ai gobe zan gyara zanen, yanzu na san inda komai yake. Ta ce kada in kuskura in taɓa shi. Haka za mu tsara littafin: zanena a shafin hagu, gyaran Kaka a shafin dama da manyan haruffa, yara su nemo kuskuren da kansu su faɗe shi da yaren. Ta ce za ta je ta roƙi sashensu a bar mata rikodar, in sun ƙi za ta yi da wayarta. Na tambaye ta, to ni yanzu me ake so in yi, in yi daidai ko in yi kuskure? Ta gyara gilashinta da bayan yatsa.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka kawai, Malam. Kada ka rage komai."

Na kai wannan maganar gida na juya ta kwana uku, kuma a wannan karon na gane ta tun a daren farko, sauran kwana biyun jinya ce.

Zanen yana rataye a ɗakin Kaka, saitin gadonta. Ta ce a bar shi a nan, yana tsinka mata jini da safe. Kujera biyu ce yanzu a baranda. Mama tana cewa ita ba komawa yaren ta yi ba, kawai ba za ta zauna ana faɗin abin da ba haka ba ne a gabanta. Ni ma na ƙaru, kalmomina sun haura arba'in, galibinsu ba na yabo ba ne. Kaka ta kafa mini sharaɗi: duk Asabar zane ɗaya, kuma in ta ji ƙanshin ganganci a jikinsa, ta cire makirfo har abada.

Wannan makon cikin gidan su Kaka na ƙauye nake zanawa, ɗakin mahaifiyarta, da murhu, da inda ake rataye filafilan tuƙa jirgi. Na yi tambayoyi, na duba hotuna, na je har bakin wani kogi na zauna wuni guda ina kallon masunta da idona, ba da mafarki ba. Na auna komai sau biyu. Jiya na kira Malama na gaya mata cewa a wannan karon, in Allah ya yarda, Kaka ba za ta samu abin cewa ba, don babu kuskure ko ɗaya.

Ta ce madalla, ta yi murna ƙwarai. Ta ce za ta taho da batir biyu.